Tiyo ɗaya na iya fasa tankin bandakin karafan: lissafin, rigakafin da gyaran

Bidiyon wannan makon a kan ƙananan na'urori uku ne da na gwada a nan Aziziyya: mitar ƙirga ruwa da ake ɗaura wa tiyo, na'urar rage ƙarfin ruwa, da 'yar kyamarar nan mai doguwar waya da ake jona wa wayar hannu. A bidiyon na nuna su suna aiki, amma minti goma sha biyu ba su isa in bayyana dalilin da ya sa mutum zai kashe riyal ɗinsa a kansu ba. Wannan rubutun shi ne cikon.

Ga wanda ke karanta mu daga Kano ko Maraɗi, karafan ita ce gidan nan mai taya da ake ja da mota, ko kuma motar da aka mayar da cikinta ɗaki, da gado da kicin da bandaki. Larabawan nan suna son ta ƙwarai. Da sanyi su ja ta zuwa sahara su yi abin da suke kira kashta, da zafi kuma su hau da ita Ɗa'if ta hanyar Hada. To amma mai karafan ba shi ke wanke tankin bayan gida ba. Direba ne ko harisin gida, kuma a unguwannin Makka sau da yawa ɗan uwanmu ne. In tankin ya fashe a hannunsa, shi za a kalla, kuma kuɗin sabo da na ɗaurawa zai iya cinye masa albashin wata. Manyan motocin da ke jigilar alhazai tsakanin Makka da Madina, da luksoriyoyin da ke da bandaki a gida Najeriya, duk tsarinsu kusan ɗaya ne, don haka darasin ya shafi kowa.

Me ke ƙarƙashin ƙafarka

Karafan ƙirar Turai yawanci ƙaramin tanki gare ta mai kama da akwati, irin na kamfanin Thetford, mai cin lita 17 zuwa 19. Zaro shi ake yi a je a zubar a dawo. Ba da shi nake ba yau. Da ƙirar Amurka nake, waɗanda akasarinsu daga yankin Elkhart na jihar Indiyana ake ƙero su, da kuma waɗanda ake haɗawa a nan bisa tsarinsu. Su tankinsu a maƙale yake a ƙarƙashin dabe, an rataye shi da ƙarafa ko ɗamara. Biyu ne ma: na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida wanda suke kira baƙin tanki.

Baƙin tankin yana da ƙofofi huɗu. Ta sama inda masai yake zubowa. Ta ƙasa, bututu mai faɗin inci 3 da bawul mai zarewa kamar aljihun tebur. Ta uku siririn bututu ne mai inci ɗaya da rabi da ya miƙe ya ɓulla saman rufi, shi ne hancin tankin, ta nan yake numfashi. Ta huɗu ita ce ta wanki: wani baki a jikin karafan daga waje inda kake ɗaura tiyo, ruwan ya bi ta ciki ya je ya fesu a bangon tankin. Wannan ta huɗun ita ce ke jawo masifa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, tankin nan bokiti ne kawai da aka yi wa murfi. An yi shi don ya ɗauki nauyin ruwan da ke kwance a cikinsa. Ba a yi shi don a danna masa ruwa da ƙarfi kamar tukunyar gas ba. Kaurin robarsa 'yan milimita ne, kuma shimfiɗaɗɗe ne, wanda shi ne siffa mafi rauni a gaban matsi.

Mu yi lissafi

Ɗauki tanki mai galan 40 na Amurka, wato kusan lita 151. A ce tsawonsa santimita 120, faɗinsa 60, zurfinsa 21. In ya cika, nauyin ruwan kilo 151 ne, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Wannan ɗamarar za ta iya da shi.

Yanzu a ce ka rufe bawul ɗin ƙasa, ka kunna tiyo, ka tafi. Tanki ya cika, ruwa bai da wajen zuwa sai ya hau bututun numfashi. Daga tankin zuwa rufi kusan mita 3 ne. Mutane suna ganin ai ɗan ruwan da ke cikin siririn bututu bai fi lita uku ko huɗu ba, me zai yi? A nan ake yaudaruwa. Matsin ruwa bai san faɗin bututu ba, tsayi kawai ya sani. Ruwan da ya hau mita 3 a siririn bututu yana danna kowane ɓangare na tankin daidai da a ce an ɗora masa ruwa mai zurfin mita 3 a duk faɗinsa. Saman tankin namu murabba'in mita 0.72 ne. Ninka da 3, ka samu kimanin lita 2,160. Wato ƙarfin da ke tura rufin tankin sama ya haura tan 2, kuma wanda ke tura ƙasansa ya ɗan fi haka. Nauyin babbar jif ke nan, a kan robar da za ka iya lanƙwasawa da gwiwa. Blaise Pascal, Bafaranshen nan na ƙarni na 17, shi ya fayyace wannan ƙa'ida, kuma ita ce dai ke sa ƙaramin jak ya ɗaga mota.

Wannan fa in hancin tankin a buɗe yake ke nan, ruwan zai ɓulla ta rufi ya kwararo a jikin karafan, abin kunya amma da sauƙi. In kuma hancin ya toshe, ko ƙura ta cika shi, ko zanzaro ya yi gini a ciki, ko tsuntsu ya kai ciyawa, to matsin zai ci gaba da hawa har ya nufi ƙarfin famfon kansa.

Ga inda Aziziyya ta bambanta da wani wuri. Unguwar nan cike take da dogayen benaye da aka gina don alhazai saboda kusancinta da Mina. Tsarin ruwan kowace imara iri ɗaya ne: tanki a ƙarƙashin ƙasa, dinamo ya tura ruwa zuwa tankin saman bene, daga can ya gangaro. Duk mita 10 na tsayi suna ba da bar ɗaya na matsi. Bene mai hawa 12 ya kai wajen mita 40, don haka famfon da ke garejin ƙasa, wanda shi ne harisi zai ja tiyo daga gare shi, zai iya zuwa da bar 4 ba tare da wani inji ba. Bar ɗaya kacal a kan tankin namu ya fi tan 7. Ba ya ma kaiwa can. Tun kafin nan wani abu zai saki: ko robar masai ta buɗe ƙazanta ta malalo cikin ɗaki, ko tankin ya kumbura ya ɓalle ɗamara, ko ya tsage a wuyan bututu.

Tsawon wane lokaci wannan ke ɗauka? Gwada famfonka da jarka mai lita 20. In ta cika a daƙiƙa 80, kana samun lita 15 a minti. Bakin feshin zai ɗan rage gudun, amma ka ɗauka tankin da babu komai a ciki zai cika a minti 10 zuwa 15. In kuma da ma akwai saura, ƙasa da haka. Yanzu ka tuna yadda rayuwarmu take a nan. Ka kunna ruwa, aka kira sallah, ka ce bari in je in dawo. Alwala, jam'i, gaisawa a ƙofar masallaci, minti 20 sun tafi. Lita 300 ke nan ka aika wa tankin da ke cin 151. Karafan biyu da aka kira ni in duba a bana, duk labarinsu ke nan. Ɗaya sallar La'asar ce, ɗaya kiran waya daga gida. In an kira sallah, kashe famfo, ka kuma cire tiyon gaba ɗaya, don yaro ko maƙwabci zai iya zuwa ya kunna.

Zafi ma yana da hannu. A ranar 17 ga Yunin 2024 an auna digiri 51.8 a Harami. Kwalta ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, kuma tankin yana rataye ne a kanta. Roba ba za ta narke a wannan zafin ba, amma tana yin laushi, nauyin da za ta jure da sanyin Janairu sai ya sa ta yi tumbi a watan Yuli.

Akwai kuma kishiyar wannan ɓarnar, wadda littafin karafan ba ya yawan magana a kai saboda a Amurka ramin zubarwa suke da shi a sansanoninsu. Mu a nan wayit ake kira, motar zuƙar masai. In mai wayit ya manna tiyonsa kai tsaye a bakin bututun inci 3 ya tayar da inji, iskar da yake ja ta fi wadda siririn hancin zai iya mayarwa. Tankin sai ya motse kamar gorar ruwan da ka tsotse. Wani lokaci ya koma daidai, wani lokaci ya bar tsaga a kusurwa. Dabarar ita ce a saki ƙazantar ta gangara cikin rabin duro ko wani mazubi, shi kuma ya zuƙa daga can. In dole sai an jona, to wani ya taka fedar masai ya riƙe ta a buɗe don iska ta samu babbar ƙofa, kuma a fara da ƙaramin ƙarfi.

Yadda nake wanki

Ba na zubarwa sai tankin ya kai kashi biyu cikin uku, domin nauyin ruwan ne ke kwashe daskararren abu. A nan muna da sa'a ɗaya: mu da ruwa muke tsarki. Bature yana fama da tulin takarda da ke taruwa ƙarƙashin masai ya bushe ya zama dutse. Mai amfani da shaɗɗaf ko buta ba ya cika ganin wannan. Sai dai tankinmu yana cika da wuri fiye da yadda maƙerin ya lissafa, kuma wanda ya dogara da fitilun allon nan masu nuna kashi ɗaya cikin uku, biyu cikin uku, zai sha mamaki. Waɗannan fitilun wasu 'yan ƙusoshi ne da aka soka a bangon tanki, datti kaɗan ya manne musu sai su fara ƙarya. Akwai masu kyau irin SeeLevel da ake mannawa daga waje suna karanta ruwan ta cikin roba, amma ko su ban yarda in ba su amanar tiyo a kunne ba.

Sai in ɗaura gwiwar roba mai garai-garai a bakin bututu, wadda ake ganin abin da ke wucewa. Kallon ba daɗi, amma ita ce idonka. In zare bawul ɗin baƙin tanki har ƙarshe, in bar shi ya tsiyaye. Bawul yana buɗe nake kunna ruwan wanki, kuma kusan kowace karafan akwai takarda manne kusa da bakin da ke faɗin haka da Turanci, ba mai karantawa ne kawai. In ruwa yana shiga amma ba ka ga yana fita ta gwiwar ba, kashe nan take. Wani abu ya tare ƙofa, kuma tankin cika yake yi ko da bawul ɗin a buɗe.

Na san abin da wasu za su ce: feshi kaɗai ba ya fitar da komai, sai an tara ruwa an sake shi da ƙarfi. Gaskiya ne, ni ma ina yi. A nan mitar ƙirga ruwa take shigowa. 'Yar aba ce mai batir, kana ɗaura ta tsakanin famfo da tiyo, tana nuna lita nawa suka wuce. In mayar da ita sifili, in rufe bawul, in tsaya a kanta har ta nuna rabin abin da tankin ke ci, a misalinmu lita 75, in kashe famfo, in zare bawul. Sau biyu ko uku ruwan zai fito fari. Wadda na gwada a bidiyo na auna ta da jarka sau biyar, kuskurenta bai kai lita ɗaya cikin 20 ba, kuma wannan ya ishe mu. Cikin na'urorin uku, in kuɗinka na ɗaya ne, ita za ka saya. Agogon famfo mai murɗawa da ke kashe ruwa da kansa shi ma yana taimakawa, sai dai lokaci yake ƙirgawa, bai san yau ruwan ya fi na jiya gudu ba.

Na'urar rage ƙarfi kuwa, a saita ta wajen bar 3. Kar a fahimce ni a baibai: ba za ta hana tanki fashewa ba, domin mun ga kashi ɗaya cikin goma na hakan ma ya isa ya yi ɓarna. Aikinta kare hanyar da ruwan ke bi. A cikin bango, galibi bayan durowa ko ƙarƙashin wajen wanke hannu, akwai wani ɗan bawul na roba da ke hana ruwan tanki komawa baya. Ƙarfin famfon bene yana tsaga shi, kuma ba za ka sani ba sai katakon dabe ya fara laushi. Karon farko da za ka yi wanki a karafan da ba ka saba da ita ba, sa wani ya tsaya a ciki ya saurara.

Wannan ɗan bawul ɗin ya kawo mu maganar da ta fi kuɗi muhimmanci. Tiyon wankin tanki daban, na ruwan sha daban, kuma launinsu ya bambanta yadda ko a duhu ba za a rikita ba. In ruwa ya ɗauke ana cikin wanki, bututun imara yana iya tsotsar abin da ke cikin tiyo ya koma da shi. Gidan da ke ɗaukar ɗaruruwan alhazai, ka san abin da hakan ke nufi. Haka kuma ba a zubarwa a kwari ko a magudanar ruwan sama. Ban da tarar baladiyya, mutane ne ke zaune a gangaren.

In an gama, rufe bawul, zuba lita 10 zuwa 15 ta masai a bar su a ciki. Busasshen tanki a zafin Makka kwana biyu ya isa ragowar datti ya zama siminti, robobin bawul kuma su bushe. Tankin ruwan wanka shi ake saki a ƙarshe don ya ɗauraye tiyon zubarwa. Kuma kar a hau Hada da tanki cike. Kilo 150 na ruwa yana tangaɗi a kowace kwana, ɗamarar ce ke sha.

Abubuwa uku da nake gani ana yi suna ba ni takaici. Zura rodi ta masai don a farfasa abin da ya toshe: ƙasan tankin yana nan ƙasa da taku ɗaya, huda shi ba wuya. Kai karafan wajen wankin mota a zura bindigar ruwa mai bar 100 ko fiye. Da haɗa Clorox da ruwan wankin bandaki mai asid, wanda ake kira filash a nan. Wannan haɗin iskar kulorin yake fitarwa, a ɗan ƙaramin bandakin karafan kuwa zai iya kai mutum asibiti ko kabari. Ita kuma dabarar zuba ƙanƙara a tanki a yi yawo da mota wai ta kankare datti, da ake yaɗawa a YouTube, a garin nan kafin ka fita daga layinku ta zama ruwa.

In ɓarnar ta riga ta faru

Fara da gano wurin. Wanke tankin sosai, sannan ka riƙa zuba ruwa mai tsabta da ka sa wa kalar abinci, jarka ɗaya bayan ɗaya, kana leƙawa ƙasa bayan kowace. In yoyo ya fara tun jarkar farko, matsalar a ƙasa take, ko wuyan bututu ko bawul. In sai da ya kusa cika, tsagar tana sama, wajen da masai ko bututun numfashi suka shiga, kuma wannan ita ce irin tsagar da cikawa fiye da kima ke haifarwa. Yawancin karafan akwai baƙin allon roba da ya rufe cikinta daga ƙasa. Yana tara ruwa ya kai shi wani gefe ya ɗiga, don haka inda ka ga ɗigo ba lallai nan ne ciwon ba. In allon ya yi tumbi, kar ka kwanta ƙarƙashinsa ka kwance. Huda ƙaramin rami a gefe, sa bokiti. A nan kyamarar mai waya ta biya kuɗinta: ta ƙaramar kafa na zura ta na ga saman tanki ba tare da na sauke komai ba. Hotonta ba na a zo a gani ba ne, amma tsaga mai kala tana fitowa sarai.

In bawul ne, ka yi sa'a. Irin na Valterra ƙusoshi huɗu ne ke riƙe shi, robobi biyu ne a ciki. Canja su, shafa musu man silikon, kar ka sa basilin ko giris domin man fetur yana kumbura irin wannan robar. Wajen ɗaurewa a bi a hankali, kusurwa da kusurwa. Wanda ya matse da ƙarfin tsiya zai fasa kunnen bawul ɗin ya koma gidan jiya.

In jikin tankin ne, tambaya ta farko ita ce wace irin roba ce, domin maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Iri biyu ne suka fi yawa: ABS da foliyetilin. Kala ba hujja ba ce, dukansu ana yin su baƙaƙe. Ɗiga asiton a wani lungu, wato sinadarin nan da ke cikin ruwan goge jan farce, amma ka nemi tsantsarsa a shagon fenti. In wurin ya yi laushi yana danƙo, ABS ne. In ko gezau bai yi ba, kuma jikinsa yana da santsi kamar kyandir, foliyetilin ne. Gwaji na biyu: kankaro ɗan ɓarɓashi daga leɓen tankin ka jefa a kofin ruwa. ABS ya fi ruwa nauyi kaɗan, zai nutse. Foliyetilin zai taso.

Kafin komai, ko wace iri ce, a wanke tankin, a buɗe bawul da masai a bar iska ta ratsa shi yini guda. Ƙazanta tana fitar da iskar mitan mai kama wuta, da wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda in ta yi yawa take kashe jin wari kafin ta kashe mutum. Ba a kusantar tankin da wuta ko zafi sai an yi wannan. Safar hannu da tabarau kuma ba ado ba ne. Sannan a tokare karafan da ƙarfe mai ƙafa, ba a shiga ƙarƙashi bisa amanar jak.

Sai ka nemi ƙarshen tsagar ta kowane gefe, ka huda rami mai milimita 3 daidai kan bakin. Wannan ramin ne ke hana ta ci gaba da tafiya, kuma shi ne matakin da masu gaggawa ke tsallakewa. Fafe tsagar ta zama kamar kwari, goge kewayenta da samfefa faɗin yatsu uku.

ABS yana da daɗin sha'ani, domin narkar da shi ake yi ya haɗe da kansa. Ana sayar da gam ɗinsa na musamman, sai dai shagunan kayan famfo na nan galibi na PVC suke da shi, kuma ba ɗaya ba ne, duba gwangwanin da kyau. In ba ka samu ba, haɗa naka: yanka guntayen ABS ƙanana, zuba a kwalbar gilashi, rufe su da asiton, a bar shi ya kwana. Da safe za ka tarar da shi kamar kunu mai kauri. Bulon wasan yara na LEGO ma ABS ne, in an rasa. Shafa siriri, ɗora ragar fayiba, ƙara shafawa, bari ya sha iska, ka sake, har sau uku. Kowane shafi ya fi na ƙasansa faɗi. Yi aikin bayan Asuba ko da dare, domin da rana asiton yana tashi kafin ya ci jikin tankin, sai ka samu ɓawo a sama kawai. A ba shi awa 24 kafin ya ga ruwa.

Foliyetilin kuwa ɗan taurin kai ne. Ba silikon, ba gam mai bututu biyu na kanti, ba salatif ɗin da ke kama shi. Za su yi kamar sun kama, sati ɗaya su ɓare kamar ɓawon albasa. Walda yake so, da bindigar iska mai zafi wajen digiri 270 zuwa 300, da sandar roba irin tasa. A nan sai an yi hattara da masu waldar bamba a sana'iyya. Sun iya aikinsu, amma bambar mota yawanci folifirofilin ce, kuma sandar da ke hannunsu ta wannan ce. Za ta narke ta kwanta lafiya lau a kan tankinka ba tare da ta haɗe da shi ba. Ka je da taka sandar, mafi kyau ma a yanko siririn zare daga leɓen tankin kansa in yana da rara. A dumama tanki da sanda tare har su yi sheƙi, a danna, a nutsa 'yar ragar ƙarfe marar tsatsa a ciki, a rufe ta da wani shafin. In roba ta fara hayaƙi ko ta canja kala, zafi ya yi yawa. In wurin bai da sararin walda, akwai gam da aka yi musamman don wannan roba, irin 3M DP8005, ko G/flex na West System wanda sai an ɗan gilma harshen wuta a kan robar da sauri kafin a shafa. Suna aiki, amma ni a ƙasan tanki inda nauyi yake, walda na fi yarda da ita.

Akwai lokacin da gyara ɓata kuɗi ne. In tsagar ta fi tsawon tafin hannu, ko ta zagaye wuyan bututun fita, ko tankin ya kumbura bai koma siffarsa ba, a nemi sabo. Kafin a yi oda daga waje a jira makonni, ɗauki awon tsohon da wuraren ƙofofinsa ka zaga sana'iyya, akwai masu ƙera tanki da fayiba ko ƙarfe marar tsatsa. Ka dai tabbatar sun bar ƙofar numfashi, kuma bututun bai zurma cikin tankin sosai ba, domin in ya nutse a ruwa tun tanki bai cika ba, hancin ya toshe ke nan.

Bayan kowane gyara, duba ɗamarar. Tankin da ya kumbura ya riga ya lanƙwasa ƙarfen da ke riƙe shi, in ka mayar da shi haka, zai zauna a kan gefe ɗaya ya sake tsagewa a wurin. Miƙe ƙarfen ko ka canja shi, ka sa yankin tsohon tayar ciki tsakaninsa da roba. Sannan ka hau rufi, cire hular bututun numfashi, zura tiyo ka saki ruwa kaɗan bawul yana buɗe. In ya fito ƙasa, hanci lafiya. Gwajin ƙarshe da ruwa mai kala ne, rabi tukuna a bar shi awa ɗaya, sannan kashi uku cikin huɗu ya kwana, da kwali a shimfiɗe a ƙasa don ɗigo ɗaya ma ya nuna.

A bidiyo na gaba zan manna na'urar awon nan ta waje a jikin tanki, mu gwada ta da mitar ruwa lita bayan lita, mu ga wadda ke faɗin gaskiya. Sai mun haɗu.